Tafiyata Yerwa Bayan Ambaliya: Wa Ke Riƙe da Sunayen Yaran?

A farkon hunturun 2024, bayan ruwan da ya ci Maiduguri ya janye, na kama hanyar gabas. Wata ƙanwata da ke aiki da wata ƙungiyar agaji a can ce ta matsa mini in zo. Ta daɗe tana cewa mu da ke nesa mun ɗauka aikin agaji bai wuce rabon shinkafa da tabarma ba, alhali fiye da rabin 'yan gudun hijirar Borno yara ne, kuma buƙatar yaro ta wuce ta cikinsa. Ni kuwa malamin makaranta ne, abin da na fi so in gani da idona shi ne yadda ake yi da yara da karatunsu a garin da yaƙi ya daka, ruwa kuma ya zo ya ƙara masa.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Mariri, muka haye gadar Wudil hazo bai gama washewa ba. Duk direban da ya nufi Maiduguri sammako yake yi, domin so yake ya wuce tsakanin Damaturu da birnin tun rana na sama. Muka bar Shuwarin, muka bar Azare, sai a Potiskum muka tsaya shan shayi. Wannan hanya ita ce iyayenmu ke nufi in sun ce wane ya tafi gabas: yaro ya rataya allonsa, ya nufi ƙasar Borno neman haddar Alƙur'ani, ya dawo bayan shekaru ana kiransa alaramma. Amma ga wanda ya san abin da ya faru a shekarun baya, kusan kowane zango a kanta yana tuna masa da wata makaranta. A nan Potiskum ne, a Nuwamban 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin ɗaliban makarantar kimiyya suna taron safe, ya hallaka fiye da 40. Gaba kaɗan sai Mamudo, inda aka far wa ɗaliban kwana a Yulin 2013. Da muka isa Damaturu direba ya nuna mana hanyar da ta yi kudu zuwa Buni Yadi, inda aka kashe ɗalibai maza 59 a Fabrairun 2014, da wadda ta yi arewa zuwa Dapchi, inda aka kwashe 'yan mata 110 a Fabrairun 2018. Na Chibok kuwa, su 276 da aka sace a Afrilun 2014, duniya duka ta ji labarinsu. A 2017 asusun UNICEF ya ce tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, an kuma lalata makarantu kusan 1,400.

Daga Damaturu hira ta ɗauke a motar. Muka wuce Ngamdu da Beni Sheikh da Mainok da Jakana, shingen sojoji na bin shinge. A Auno wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗaga hannu tana yi wa matafiyan da aka ƙone a wurin addu'a, waɗanda dare ya riska a bakin shinge a Fabrairun 2020. Duk muka ce amin. Sai da muka shiga ƙofar Njimtilo aka fara jin muryar mutane.

Maiduguri gari ne mai inuwa. Itatuwan darbejiya sun yi layi a bakin tituna, Keke Napep ta cika ko'ina domin tun 2011 aka hana hawa babur, ƙanshin turaren wuta kuma na fitowa daga zaure da kanti. Wanda ya sauka a yammacin birnin zai iya cewa babu abin da ya faru. Sai an gangara wajen kogin Ngadda, a shiga Gwange da Bulabulin da Fori, sannan ake ganin shaidar ruwa: wani layi ne mai launin laka da ya bi jikin bango, gida bayan gida. A wani lungu ya kai mini kafaɗa, a wani ya wuce saman taga. Cikin daren 9 ga Satumba, wayewar garin 10, madatsar Alau da ke da nisan kilomita kusan 20 daga birnin ta ɓalle, mutane na barci. Shekara 30 ke nan cif da ta yi irin wannan ɓarna, a 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga babbar kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa. Ya rusa katangar gidan yari, fursunoni kusan 280 suka tsere. Ya kwashe kadoji da macizai daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya watsa su cikin unguwanni. Mutanen da suka rasa matsuguni sun kai wajen 400,000. Har sansanin Bakassi, da gwamnati ta rufe a ƙarshen 2021, sai da aka sake buɗe shi. Da yawa daga waɗanda suka koma cikinsa, gudunsu na biyu ke nan: sun guji wuta daga Bama da Gwoza da Dikwa da Marte, suka kama hayar ɗaki mai araha a ƙasan kwari, ruwa ya zo ya same su a can.

Wurin farko da ƙanwata ta kai ni wata makarantar firamare ce da ke kan tudu. Saboda tudun nan ruwa bai taɓa ta ba, kuma saboda shi ne dubban mutane suka cika ta kafin azahar ranar ambaliya. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai kamun kai, ta zagaya da mu. Ta nuna mini allon bango da hayaƙin girki ya mayar baƙi wuluk ta yadda alli ba ya kamawa. Ta nuna mini inda benci suke a da, an faskara su an dafa abinci. Banɗakunan da aka gina wa ɗalibai sun cika cikin kwanaki. Ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi, "Malam, da ni ce na fito da 'ya'yana cikin ruwa da tsakar dare, ni ma bencin zan ƙona."

A nan na fara fahimtar tsaka mai wuyar da masu wannan aiki ke shiga. Idan bala'i ya auku, ginin gwamnati mai rufi da katanga da ya fi kusa da talaka shi ne makaranta. Hana mutane shiga zalunci ne. Barin su su daɗe kuma yana nufin yaran unguwa da yaran baƙi duk sun rasa aji. Maiduguri ta ɗanɗana wannan a baya, lokacin da aka rufe makarantu a 2014, 'yan gudun hijira suka zauna a cikinsu, wasu har 2016 kafin a kwashe su zuwa sansanoni. Darasin da aka koya shi ne, ranar da mutane suka shiga makaranta, ranar ya kamata a fara shirin inda za su koma, a kuma kafa tanti a fili a fara karatu ko da iyalai na kwana a cikin azuzuwa. A makarantar Hajiya na ga tantuna biyu farare, yara zaune kan tabarmi, wasu su zo da safe, wasu da rana.

Amma abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya yana cikin rajista. Ta buɗe ta zangon da ya wuce, ta ajiye ta bana a gefenta, ta bi da yatsa. Jan alƙalami ya fi yawa a shafin 'yan mata na aji biyar da shida. Wasu an ɗora musu talla don a maye jarin da ruwa ya ci, wasu suna rainon ƙanne yayin da uwa ta fita nema, wasu kuma an fara maganar aurensu domin uba ya rage bakin da yake ciyarwa. Maza suna kasuwa suna dako, ko suna tsintar ƙarafa a juji. Ta ce yaron da ya yi mako biyu bai zo ba, kira ɗaya ke dawo da shi. Wanda ya yi zango guda kuwa, sai an yi ta sintiri. Don haka duk yammacin Alhamis takan ɗauki sunayen ta kai wa bulaman unguwa, su haɗu da 'yan kwamitin makaranta su bi gida gida. Babu wanda ke biyanta ladan wannan zirga-zirga.

Kashegari muka je wurin masu kare yara. Ofishin nasu ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya da kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo. Tun a bakin ƙofa aka gaya mini ƙa'ida: ba a ɗaukar hoton yaro, ba a tambayar sunansa, ba a sa shi ya maimaita abin da ya same shi don baƙo ya ji. Fayil ɗin kowane yaro lamba ce a bayansa, sunan yana ciki, mutum biyu kawai ke da mabuɗi. Jami'ar da ta karɓe mu, matashiya ce 'yar garin da ke jin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, ta bayyana mini cewa yaran da suka rabu da iyayensu kashi biyu ne. Akwai wanda ya rasa uwa da uba amma yana hannun kaka ko gwaggo ko kawu. Akwai kuma wanda babu wani babba tare da shi sam. Na biyun shi ne ake fara gudu a kansa, domin shi ne duk mai mugun nufi zai iya kama wa hannu ya wuce da shi, babu mai tambaya.

Ta ce a ranakun farko aikin ba ya buƙatar komai sai tebur a bakin sansani, da littafi, da lasifika. A rubuta inda aka tsinci yaro, da wanda ya tsince shi, da kayan da ke jikinsa. Kada a yi saurin ɗauke shi zuwa nesa, domin mafi yawan iyaye a kusa suke nema. A yi cigiya a masallatai da gidajen rediyo. Sannan ta buɗe kabad ta ɗauko wata leda. A ciki akwai 'yar doguwar riga ruwan hoda mai tabon laka, da silifa ƙafa ɗaya, da ɗan abin wuya na roba. Na wata yarinya ce da ba ta fi shekara huɗu ba, wadda wani mai kwale-kwale ya ciro daga kan katanga. Ba ta san sunan mahaifinta ba, ba ta san sunan unguwarsu ba. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne ƙofar gidansu ja ce, kuma akwai mai ƙosai a kusa. Aka ba wata mata mai 'ya'ya riƙonta, bayan bulama da liman sun shaide ta. Da ruwa ya janye aka riƙa ɗaukar yarinyar a Keke Napep ana zagaya unguwannin da ke kusa da inda aka tsince ta, ana tsayawa wurin kowace mai ƙosai, har wata ta gane ta. Da uwar ta zo tana kuka, ba a miƙa mata ita nan take ba. Sai da aka tambaye ta kalar rigar da 'yar ke sanye da ita a daren, da wani tabo da ke jikinta, aka kuma duba yadda yarinyar ta ruga ta ƙanƙame ta. Na tambayi jami'ar ko wannan bincike bai yi tsanani ga uwar da ke cikin tashin hankali ba. Ta ce, "Yallaɓai, ba duk mai kuka ce uwa ba. Gara ta yi haƙurin rabin sa'a da in ba wani 'yar mutane."

Kayan suna nan a ajiye ne saboda fayil ɗin bai rufu ba. Za a ci gaba da leƙa gidan ana ganin yadda yarinyar take, sai an tabbatar ta zauna lafiya. Haka kuma ba su son kai yara gidan marayu sai in babu makawa. Hujjarsu ita ce yaro ya fi samun kulawa a cikin iyali, kuma da zarar an buɗe gidan da ake ba da abinci da gado, iyayen da talauci ya ci ƙarfinsu sukan kai nasu 'ya'yan su ce marayu ne, a raba iyalin da bala'in ma bai raba ba. Wanda yake ganin wannan rubuce-rubuce ɓata lokaci ne, ya dubi abin da ke faruwa in ba a yi shi ba. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce tana da sunayen mutum kusan 22,000 da danginsu ke nema a Najeriya, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne a lokacin da suka ɓace. Iyaye da yawa a Borno har yau ba su yi zaman makoki ba, ba su kuma daina jira ba.

Bayan ofishin akwai babban tanti da suke kira dandalin yara. Na tarar ana tsallen igiya, maza na langa, wasu 'yan mata sun zauna suna carafke. A gefe guda ƙanana na zane. Takarda bayan takarda, ruwa ne da gida da mutane a kan rufi, wasu kuma sun zana kada da baki a buɗe. Matasan da ke kula da su, 'yan unguwar ne da aka horar, sun ce akwai yaran da suka koma fitsarin kwance, akwai waɗanda ƙarar famfo ko ta janareta ke sa su ɓuya. Maganin mafi yawansu shi ne rana ta dawo da tsarinta: lokacin zuwa, lokacin wasa, lokacin karatu, da babban da suka saba da fuskarsa. Kaɗan ne ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, su kuma ana tura su. Dandalin kuma ido ne. A nan ake lura da yaron da ya rame a auna damtsensa da ɗan tsiri mai launi uku, in ya faɗa ja a kai shi wurin masu maganin tamowa. A nan ake ganin mai shatar bulala a baya, da yarinyar da ta daina magana, da wanda ya yi kwana uku bai zo ba. A nan ake koya musu wanke hannu, domin a watan Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. A nan kuma ake nuna musu hoton abubuwan fashewa, a ce in sun ga irinsu a daji kada su taɓa.

Akwai wani haɗari da masu aikin ba sa ɓoye shi, wato wanda ke fitowa daga hannun mai ba da taimakon kansa. Duk inda mutum ɗaya ke riƙe da katin abinci, yunwa kuma na gaban marainiya, ƙofar zalunci a buɗe take. A Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri, kuma waɗanda aka zarga sun haɗa da masu gadi da shugabannin sansani da jami'ai. Shi ya sa yanzu duk ma'aikaci, har direba da mai gadi, sai ya sa hannu a takardar alƙawarin ɗa'a. Babba ba ya keɓewa da yaro. Ana raba banɗakin mata da na maza, a sa masa sakata ta ciki da fitila. Ana ajiye akwatin ƙorafi, kuma da yake mafi yawan matan ba sa rubutu, ana ware mace amintacciya da za a iya faɗa wa magana a asirce. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a ido, amma sakata ɗaya tana iya tsare mutuncin yarinya.

Ƙanwata ta shigar da ni wani zaman da ake yi na daidaita aiki. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba aikin agaji fanni fanni, aka ba kowane fanni jagora, don kada ƙungiya goma su taru a sansani ɗaya mai sauƙin zuwa su bar wani babu kowa. A fannin ilimi UNICEF da Save the Children ne ke jagoranci a matakin duniya, a jiha kuma jami'an gwamnati ke zama a kujerar shugabanci. An haska wani jadawali a bango: wa ke yin me, a wace unguwa, har zuwa yaushe. Akwai ma'aunai da aka amince da su, na ilimi tun 2004, na kare yara tun 2012. Na yaba da tsarin ƙwarai, domin a gabana aka gano makarantu biyu da kowa ya ɗauka wani ne ke kula da su, aka ba wata ƙungiya su.

Sai dai na fito da damuwa uku. Ta farko kuɗi. Shekara da shekaru rabon ilimi a kuɗin agajin duniya yakan tsaya ne a wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Don cike wannan giɓi aka kafa asusun Education Cannot Wait a taron Santambul na 2016, Tarayyar Turai kuma ta ware wa ilimi kashi 10 na kuɗin agajinta tun 2019, amma har yanzu abin bai kai ba. Ta biyu gajertar lokaci. Tallafi yakan zo na wata shida ko shekara, alhali yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko yaron da ya fito daga daji, ba a wata shida yake warkewa ba. In tallafi ya ƙare alawus ɗin malaman sa-kai ya tsaya, jami'ar da yaro ya saba da ita ta tafi. Ga shi kuma jakar makaranta tana da sauƙin ƙirgawa a rahoto, zuwa gida ɗaya sau goma kuwa ba ya cika shafi. Ta uku, da Turanci aka yi zaman daga farko har ƙarshe, kuma babu irin Hajiya shugabar makaranta ko bulama a ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A takarda, Borno ba ta rasa dokoki ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, har aka yi babban taronta a Abuja a Oktoban 2021. A Janairun 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. A Satumban shekarar gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaron da sojoji suka tsinta a fagen daga za a miƙa shi ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. Kafin nan 'yan Kato da Gora sun sallami yara 833 daga cikin sahunsu a 2018, da wasu 894 a 2019. Irin waɗannan yara sukan bi ta cibiyar Bulumkutu kafin a mayar da su ga danginsu. Matsalar takan fara ne bayan sun koma. Saurayi ɗan shekara 15 da bai taɓa riƙe fensir ba, ba zai yarda ya zauna da 'yan shekara shida ba. Domin irinsu aka tsara karatun gaggawa da ke dunƙule shekara tara cikin uku. Na kuma ga aji da ake bin wata dabara da ta samo asali daga Indiya, inda ake raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu: masu koyon baƙi a tabarma ɗaya, masu haɗa kalma a wata, masu karanta labari a ta uku. Wani dogon yaro da gashin baki ya fara tsiro masa ya karanta jimla guda da Hausa a gabana, ya ɗago kai yana murmushi, 'yan tabarmarsa suka tafa masa.

Ziyarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata tsangaya da ke kusa da kogi. Alaramman dattijo ne, almajiransa sun fito daga Yobe da Jigawa da Bauchi da Kano, har da na Diffa da Damagaram. A daren ambaliya ya sa manya suka goya ƙanana, suka riƙe igiyar shanya suka ratsa ruwa har kan titi. Allunansu da buzaye duk ruwa ya tafi da su. Da aka zo rajistar tallafi, gida gida aka bi: mai gida, matansa, 'ya'yansa. Almajiri ba ɗan gidan kowa ba ne a garin, don haka babu layin da zai shiga. Sai da masu kare yara suka sa baki aka ƙirga su. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya kuka yi da iyayensu?" Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani littafin rubutu da ya naɗe a leda. Kowane almajiri da sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, da sunan mai unguwarsu, da lambar waya. Ya ce da Alƙur'ani da wannan littafi kaɗai ya fito. Kafin magariba ya kira kowane uba ya shaida masa ɗansa na raye. Ya ce amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi.

Tsangayu nawa ne ke da irin wannan littafi? Mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu ƙanana ba su ma iya faɗin sunan ƙauyensu ba. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. In ta fara da tabbatar da cewa kowace tsangaya tana da rajista irin ta wannan dattijo, ta yi babban aiki. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne. Amma a ranar tashin hankali, yaron da ya tsira shi ne wanda wani takamaiman mutum ya san sunansa, ya kuma tashi nemansa.

Duk inda na zauna hira a Yerwa sai an ambaci Zannah Mustapha, lauyan da ya buɗe makarantar marayu kyauta a 2007 da yara 36, ya riƙa zaunar da 'ya'yan sojojin da aka kashe da 'ya'yan mayaƙan da aka kashe a aji ɗaya, bai rufe ƙofa ba ko a lokacin da wuta ta fi ruruwa. A 2017 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Shi da Hajiya da alaramma da matashiyar jami'ar nan abu ɗaya ya haɗa su: suna nan kafin motocin agaji su iso, suna nan kuma bayan sun tafi.

Ban daɗe da dawowa Kano ba, a Janairun 2025, Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya a arewa maso gabas. Ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, an naɗe tantin dandalin nan da ka gani." Ban raina taimakon baƙi ba, ya ceci rayuka masu yawa. Amma tsaron 'ya'yanmu ya fi ƙarfin a jingina shi ga kasafin kuɗin wata ƙasa. Kuma abin da ya sami Maiduguri yana iya samun kowa. A damunar 2024 ɗin nan Nijar ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliya. Mutanen Haɗeja da Ringim da Auyo kusan kowace shekara sai sun kwashe kaya. A Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba.

Don haka kirana ga gwamnoninmu shi ne su ɗauki jami'an jin daɗin jama'a aiki na dindindin a kowace ƙaramar hukuma, su horar da su, su biya su daga aljihun jiha. Shugabannin ƙananan hukumomi su tanadi wurin fakewa tun kafin damina, in kuma dole sai makaranta, a san ranar fita da wanda zai gyara ta. Masu hali su tuna cewa gyaran aji da ɗaukar nauyin mai riƙon maraya suna cikin sadaka mai gudana. Shugaban makaranta da alaramma, kowa ya ajiye kwafin rajistarsa inda ruwa da wuta ba za su kai ba. Kai kuma mai karatu, ka yi wa ɗanka takardar haihuwa, ka koya masa cikakken sunansa da naka da na unguwarku da lambar wayarka tun yana fara magana. In ka tura shi karatu wani gari, ka san malaminsa, ka riƙa leƙa shi. Wannan ba ya buƙatar tallafin kowa, kuma yau ya kamata a fara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa mutanen Borno da alheri, ya tsare mana zuri'a.